Kifi A Bisa Garwashi

Karatu: Yahaya 21:1-14, Mai Hadishi 5:18-20



Mu mutanen Tamale ba mu da teku. Wanda yake so ya gan shi da idonsa sai ya shiga mota ya yi tafiyar kilomita wajen 600 zuwa Akra. Da yawa cikinmu sun tsufa ba su taɓa jin ƙarar raƙuman ruwa ba. Duk da haka kusan kowane dare teku yana shigowa gidajenmu ta cikin tukunyar miya. Wannan amani da uwargida take dakawa ta zuba a miyar ayoyo ko ta kuɓewa, ka taɓa tambaya daga ina ya fito?

Wani mutum ne a Elmina, ko Tema, ko Jamestown, ya tura jirginsa cikin ruwa da yamma lokacin da kai kake shirin kwanciya. Jirgin nan daga gungumen itacen wawa guda ɗaya aka sassaƙa gindinsa, aka shafa masa fenti launi-launi, aka rubuta masa suna, sau da yawa ma har da ayar Littafi Mai Tsarki a gefensa. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi yakan taso daga ƙarƙashin teku, ƙananan kifaye su biyo shi, wannan shi ne kakar masunta. Da safe mata su tarye su a gaɓa, su jera kifin a kan murhun banda irin na Chorkor, wanda ya sami sunansa daga wata unguwar masunta a Akra. Daga nan sai kwanduna, sai babbar mota: Kumasi, Techiman, Kintampo, a haye Baƙin Volta a Buipe, a haye Farin Volta a Yapei, har kasuwar Aboabo. Hannaye nawa ne suka taɓa kifin nan kafin ya kai bakinka? Kai kuwa ka haɗiye lomar tuwo kana gunaguni cewa yau ma babu nama.

Muna da namu ruwan ma. Akwai masunta a Nawuni da Yapei da Daboya, akwai a madatsar Bontanga, akwai a Makango inda ake haye ruwa zuwa Yeji. Ruwan famfon da muke jira ya zo a unguwanninmu, daga wannan Farin Volta ɗin ake janyo shi, a tace shi a Dalun. Wato kogin da masunci yake jefa taru a ciki, shi ne muke sha.

To, akwai kuma waɗansu mutane da suke shiga jirgi ba don neman abinci ba. A Ada, inda Volta yake zuba cikin teku, masu hali sukan tafi ranar hutu su hau jiragen inji, su jefa fatsa don nishaɗi kawai. In sun kama babban kifi su ɗauki hoto da shi. A Akosombo mutane sun daɗe suna biyan kuɗi su shiga jirgin yawon shaƙatawa zuwa tsibirin Dodi, ana kiɗa, ana cin gasasshiyar karfasa. A dā labarin irin wannan sai dai a ji a bakin wanda ya je kudu ya dawo. Yanzu yana cikin wayar kowa. Saurayi yana zaune a kan kekensa a Lamashegu cikin zafin watan Maris, ƙura ta rufe masa gira, ya buɗe Facebook ya ga tsaransa a kan ruwa yana dariya. Sai zuciyarsa ta gaya masa, "Can ne rai yake. Kai dai nan jira kake yi."

Wannan magana ta zuciya ita nake so mu duba yau, gama tana cin mutane da yawa. Na san talauci gaskiya ne, rashin aiki kuma gaskiya ne. Yarinyar da ta bar ƙauye ta tafi Akra ko Kumasi tana kayayo, tana kwana a baranda, sau da yawa yunwa ce ta kore ta, ba na kuwa ɗora mata laifi. Amma akwai waɗanda Allah ya ba su abin yau da gobe, suna da ɗaki, suna da sana'a, 'ya'yansu suna da lafiya, amma sun riga sun yanke shawara cewa farin ciki yana wani gari dabam. Sai na gama gini. Sai na sami biza. Sai yaran nan sun gama makaranta. Shekara goma ta wuce, mutum bai yi dariya da matarsa ba ko sau ɗaya. Wani ya bar gona mai kyau ya faɗa ramin haƙar zinariya. Wani ya bi hamada zuwa Libiya, har yau uwarsa tana jiran waya.

Bari mu buɗe Bishara ta hannun Yahaya, sura 21.

Wurin da abin ya faru ana ce da shi Tekun Tibariya, ko Tekun Galili. Sunan teku ne, amma tafki ne na ruwan daɗi. Tsawonsa kamar kilomita 21, faɗinsa kamar 13. Tafkinmu na Volta, wanda ya taru bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, ya fi shi girma kusan sau 50. Abin da zai ba ka mamaki, irin karfasar da take cikin Tekun Galili, wadda baƙi suke kira kifin Bitrus, irinta tana nan cikin Volta. Masuncin Yapei da a ce an kai shi Kafarnahum, da ya gane kifin tun kafin a gaya masa sunansa.

A 1986 aka yi fari a ƙasar, ruwan tafkin ya janye, sai aka ga wani tsohon jirgi binne cikin laka kusa da Ginosar. Masana suka ce na zamanin Ubangijinmu ne. Tsawonsa ya ɗan fi mita 8. Da suka duba shi sosai suka tarar an haɗa shi da itatuwa iri-iri, waɗansu ma an ciro su daga tsofaffin jirage, an yi ta yi masa faci bisa faci. Jirgin talaka ke nan. Mai shi ba shi da kuɗin sabo, sai ya gyara na hannunsa. Irin wannan jirgi ne ya kamata mu gani a zuci idan muna karanta labarin Bitrus. Masu zanen hotunan makarantar Lahadi sun cika yi masa ado.

Mutum bakwai ne a wannan dare: Bitrus, da Toma, da Nata'ala, da 'ya'yan Zabadi biyu, da waɗansu almajirai biyu da ba a faɗi sunansu ba. Yesu ya riga ya tashi daga matattu. Sun gan shi. Toma ya ga gurbin ƙusoshi. To, bayan abu mafi girma da ya taɓa faruwa a duniya, me suka yi? Bitrus ya ce shi dai kamun kifi zai tafi, sauran suka bi shi. Na sha jin masu wa'azi suna tsawata wa Bitrus a nan, wai ya ja da baya. Ni ban ga inda Ubangiji ya tsawata masa saboda wannan ba. Mutum mai iyali ne, har da suruka a gida. Tashin Almasihu bai sa ciki ya daina jin yunwa ba.

Suka kwana suna fama, ba su kama kome ba. Gari ya fara wayewa, ga wani tsaye a gaɓa, nisan kamar mita 90. Ya tambaye su ko sun sami wani abu, kamar yadda kowane mai wucewa yakan tambayi masunta. Suka amsa da kalma ɗaya, irin amsar wanda ya gaji. Ya ce su jefa ta hannun dama. Suka jefa, taru ya cika har suka kasa jawo shi cikin jirgi. Yahaya ya gane ko wane ne. Bitrus, da yake shi ba ya iya jira, ya faɗa ruwa.

Yanzu ku dubi abin da suka tarar a gaɓa. Wuta ce ta gawayi, ga kifi a kai, ga gurasa. Ɗan'uwana, tsaya a nan kaɗan. Littafin Ayyukan Manzanni ya gaya mana kwana 40 ne kawai tsakanin tashin Yesu da hawansa sama. Kwana 40, ga duniya duka tana jiran bishara. Da ni ne, da na cika kowace sa'a da taro da koyarwa. Amma Ubangijin ɗaukaka, wanda ya ci nasara a kan mutuwa, ya ɗauki safiya guda daga cikin kwanakin nan ya hura wuta. Duk wadda ta taɓa hura gawayi da asuba ta san aikin: ka durƙusa, ka fifita, hayaƙi ya shiga idonka. Hannuwan nan da aka huda, su ne suka juya kifi don kada ya ƙone.

'Yar'uwa, ke da kike tashi ƙarfe huɗu kina dama koko, kina toya ƙosai a bakin hanya, kina ganin kamar aikinki ba ya cikin lissafin Allah, ki sake karanta wannan wuri. Mai Cetonki ya yi irin aikinki bayan tashinsa, bai kuwa ga ya rage masa daraja ba.

Akwai wani abu kuma. Yana da kifinsa a kan wuta, amma ya ce su kawo daga cikin wanda suka kama. Ba don nasa ya kasa ba, wanda ya ƙosar da mutum 5,000 ba ya bukatar gudummawa. Ya so ne su ci daga wahalar hannunsu tare da shi. Suka kuwa ƙidaya kifin, manya guda 153. Malaman ikilisiya tun zamanin dā sun yi ta neman asirin wannan lamba. Ni a ganina, masunta ne, masunta kuwa sukan ƙidaya, gama za a raba. Ka yi tunanin mutum bakwai, rigunansu a jiƙe, suna ƙidaya da ƙarfi, wani ya yi kuskure a sake daga farko, Yesu yana tsaye yana jiransu bai hanzarta su ba. Yahaya ya tsufa bai manta da lambar ba. Haka mutum yakan riƙe ranar da ya yi murna.

Wutar gawayin nan ma tana da labari. A sura 18 ta wannan Bishara an ambaci wata wutar gawayi, a farfajiyar babban firist, inda Bitrus ya tsaya yana jin ɗumi, ya yi musun Ubangijinsa sau uku. Ƙanshin gawayi kaɗai ya isa ya tuna masa da wancan dare. Yesu yana da magana da shi a kan wannan, zai kuma yi ta. Amma sai da suka ci suka ƙoshi. Bai ce, sai mun daidaita tukuna ka sa hannu a abinci ba. Yawancinmu da mu ne, da mun bar shi da yunwa ya ɗan ji a jikinsa. A gidaje nawa ne a cikin ikilisiyarmu ake hana yaro tuwo, ko miji ya ƙi cin abincin matarsa kwana uku, don a nuna fushi? Ubangiji ya fara da ciyarwa, tambaya ta biyo baya.

Mai Hadishi ya riga ya ga wannan tun da daɗewa. Mutumin nan ya gwada kome, gine-gine, gonaki, tafkuna, mawaƙa, zinariya. Da yana zamaninmu da yana da gida a bakin ruwa a Ada, da jirginsa daure a ƙofa. Bayan duka, abin da ya ce ya ga yana da kyau shi ne mutum ya ci, ya sha, ya ji daɗin aikin da yake yi a 'yan kwanakin da aka ba shi, ya kuma ce wannan kyauta ce daga Allah. Da ka shiga sura 6 sai ya nuna maka wani mutum da Allah ya ba shi dukiya da daraja, bai rasa kome ba, amma ba a ba shi ikon jin daɗinsu ba. Ashe abu biyu ne. Akwai kifi, akwai kuma ikon jin daɗin kifi. Na farkon ana sayensa a Aboabo. Na biyun babu kasuwar da take da shi, sai dai a roƙa. Yaushe rabonka da ka roƙi Allah wannan? Muna roƙon aiki, muna roƙon kuɗin makaranta, daidai ne. Amma kaɗan ne suke durƙusawa su ce, ya Uba, ka buɗe mini baki in ɗanɗana abin da ka riga ka sa a gabana.

Kada wani ya ji wannan ya ce ai masu yawo cikin jirgi don nishaɗi masu zunubi ne. A'a. Akwai Kirista da suke tsammani fuska a murtuke ita ce alamar tsarki, in sun ga matasa suna dariya sai su ce duniya ta shigo ikilisiya. Ku karanta Markus 6:30-32. Almajirai sun dawo daga wa'azi, jama'a ta yi yawa har ba su sami zarafin cin abinci ba. Yesu da kansa ya ce su keɓe su huta, kuma cikin jirgi suka tafi. Gaskiya ne taron ya riga su isa can ƙetaren, hutun bai yi tsawo ba. Amma wannan ɗan lokaci a kan ruwa, babu mai jan rigarsu, shi ne ya shirya musu. Zabura 104 ta yi zancen teku da jiragen da suke kai da kawowa a kansa, har ta ce Allah ya yi babbar dabbar ruwa domin ta yi wasa a ciki. Allah ya halicci abu don wasa! Bulus kuma, da yake gargaɗin masu arziki ta wurin Timoti, bai ce su ƙi jin daɗi ba. Ya ce kada su dogara ga dukiya, su dogara ga Allah mai bayarwa a yalwace domin a mora, su kuma zama masu rabawa.

Masuntan bakin tekun Gana, a garuruwa da yawa, ba sa fita ranar Talata. Dalilin da kakanninsu suka bayar na bautar iskar teku ne, mu kuwa ba ma bin wannan. Amma dubi abin da suke yi a ranar: su shimfiɗa taru a kan yashi suna ɗinke inda ya yage, ana hira, yara suna wasa a gefe. Lokacin da Yesu ya kira Yakubu da Yahaya, gyaran taru ya same su suna yi. Mu da aka ba mu ranar hutu daga bakin Mahalicci kansa, sau da yawa mun fi su rashin hutawa. A tashi sujada a ruga shago.

Ban manta da daren da babu kome a taru ba. Wani yana karanta wannan takarda alhali an sallame shi daga aiki. Wata ta binne ɗa. Manoman bakin Farin Volta sun san abin da yakan faru idan aka buɗe madatsar Bagre a Burkina Faso wajen Agusta da Satumba: masara ta kusa nuna, ruwa ya zo cikin dare ya shafe ta. Waɗanda suka ga ambaliyar 2007 ba su manta ba. A teku ma kifi ya ragu saboda kwaɗayin manyan jirage da masu kamu ta haramtacciyar hanya, har a 2019 gwamnati ta rufe kamun kifi na wata guda ga masu ƙananan jirage don kifi ya hayayyafa. Ba zan ce wa irin waɗannan su yi murmushin dole ba. Almajiran nan da aka tambaye su, gaskiya suka faɗa, babu. Abin da nake so ka lura da shi shi ne lokacin da Yesu ya zo gaɓar. Bai jira taru ya cika ba. Yana tsaye a wurin tun jirgin yana wofi, tun ba su san shi ne ba, wutar kuma ta riga ta kama. Annabi Habakuk ya lissafta gonar da ba ta yi ba da garken da ya ƙare, sa'an nan ya ce duk da haka zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Wasiƙar da ta fi kowace zancen farin ciki, wato Filibiyawa, daga kurkuku aka rubuta ta.

Akwai magana guda mai nauyi da ba zan iya tsallakewa ba, tun da muna zancen kifi. Lokacin da ruwan Akosombo ya taru, ya haɗiye kurmi, kututturan itatuwa suna nan tsaye ƙarƙashin tafkin har yau. Taru yakan maƙale a kansu. Wa ake turawa ya nutse ya kwance shi? Sau da yawa yaro ne ƙarami, wanda iyayensa suka karɓi 'yan sidi suka miƙa shi ga wani ubangida a bakin tafki, da alkawarin wai za a koya masa sana'a. Waɗansu ba sa fitowa. Dokar Yara ta 1998 da Dokar Hana Fataucin Mutane ta 2005 sun hana wannan a Gana, amma tun kafin dokar Ubangiji ya riga ya yi magana mai tsanani a kan wanda ya sa ɗaya daga cikin ƙananan nan tuntuɓe, ya kuwa ambaci dutsen niƙa da zurfin teku. Ɗa ya bi ubansa cikin kwalekwale bayan makaranta ya koyi jefa birgi, wannan gado ne mai kyau. Amma a raba yaro da uwarsa a tashe shi ƙarfe uku na dare da bulala, wannan sata ce, an sace masa kwanakin da Allah ya ba shi don ya yi wasa. Idan wani ya zo ƙauyenku yana neman yara zuwa Yeji ko wani tsibiri, ku gaya wa fasto, ku gaya wa sarki, ku kai magana ga hukuma. Idan kuwa gwauruwa ce a ikilisiyarku take tunanin ba da ɗanta don ba ta da abin ba shi, kwanon masara daga rumbunka zai iya tsayar da ita.

Ranar Litinin ta bayan Ista ikilisiyoyi da yawa sukan fita shan iska. Dattawa, ku bar matasa su tafi, ku ma ku bi su. Ku kai su Bontanga ko bakin kogi a Nawuni, su ga yadda ake jefa taru, su sayi karfasa daga hannun wanda ya kama ta, ku biya shi kuɗin kirki ba tare da taya na wulakanci ba. In za a shiga kwalekwale, a saurari mai tuƙi, in ya ce mutum shida kada a cusa goma, kowa ya sa rigar kariya, wanda bai iya iyo ba kada ya gwada don 'yan mata suna kallo. Ku hura gawayi a gaɓa, wani ya buɗe Yahaya 21 ya karanta da ƙarfi tun kifin yana kan wuta.

Addu'a: Ya Uba na sama, muna kawo maka masuntan da suke kan teku a daren nan, da na Nawuni, da Yapei, da Buipe, da Makango. Ka komo da su gida lafiya. Ka tuna da matan da suke tsaye cikin hayaƙin banda, da direbobin da suke kawo mana kifi ta hanyar Kintampo. Ka fitar da yaran da suke bauta a bakin tafki, ka mai da su wurin iyayensu. Wanda tarunsa yake wofi yau, ka sa ya ji muryarka daga gaɓa. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.